Folda, Rajista da Sunan Yelwa

Ɗan ƙanwata yana da shagon kwamfuta a Yelwa, irin shagon da ake buga takardar neman aiki, a ɗauki hoton fasfo, a cike wa ɗalibai fom. Wata rana na same shi da aikin wata ƙungiyar masunta. Sun kawo masa hotuna da takardun mambobinsu jibge wuri guda a cikin filashi, suna so a raba su ƙauye-ƙauye. Maimakon ya zauna yana jan su ɗaya bayan ɗaya, sai ya rubuta 'yan layuka a harshen Python, ya danna, kafin in gama kurɓar shayina kowane ƙauye ya sami wurinsa.

Na ce masa, "Wannan abin da ka buɗe wa kowane ƙauye, me sunansa?"

Ya ce, "Folda ke nan, Kawu."

"To, don me a rubutunka ban ga folda ba, sai mkdir?"

Ya yi dariya, ya ce dir ɗin gajarta kalmar darektori ce, kuma da ita da folda duk abu ɗaya ne. Ban yi masa musu a gaban kwastomominsa ba, amma ban yarda ba. Idan abu guda ya ɗauki sunaye biyu, mai danna allo yana kiransa da ɗaya, mai rubuta umarni yana kiransa da ɗayan, to mutanen nan biyu ba abu ɗaya suke gani ba.

Fayil dai ba baƙo ba ne a bakin Bahaushe. Ya riga kwamfuta isowa da shekaru masu yawa, tun zamanin En'e, kuma duk wanda ya taɓa bin kuɗin fanshonsa ya san ɗacin a ce masa ba a ga fayil ɗinsa ba. Asalin kalmar daga Latin take, ma'anarta zare. Magatakardan Turai na dā sukan huda takardu su zura su a zare ko waya don kada su watse, sunan zaren ya koma kan takardun. Har yau a ofisoshinmu za ka ga 'yar igiyar nan mai ƙarfe baki biyu da ake zurawa a kusurwar takarda. Malamanmu na zaure ba su bi ta nan ba. Ba sa ɗinke littafi. Warƙoƙi ne a sake, a sa su tsakanin tadarishi, a ɗaure, a zura a gafaka. Abin da ke hana su rikicewa shi ne kalmar da marubuci ke ajiyewa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafi na gaba. Abin mamaki, fayil ɗin kwamfuta ya fi kama da wannan. Ba lallai ne ya zauna wuri guda a faifai ba. Yana iya zama gutsi-gutsi, sai dai akwai inda aka rubuta wane guntu ke bin wane. Duk da haka ba na neman a sauya wa fayil suna. Kalmar ta zauna, ta yi jam'i irin namu, fayiloli, ba ta da sauran baƙunta.

Rikicin yana kan abin da ake cewa fayiloli suna zaune a cikinsa. Na ga an fassara shi da babban fayil, na ga jaka, na ga kundin adireshi, ga kuma folda da yara ke faɗa. Kafin a zaɓa, ya kamata a san wanne ya fara zuwa. Darektori ce ta riga. A 1965 wasu masana biyu, Daley da Neumann, suka bayyana tsarin ajiya na wani babban aiki mai suna Multics a Amurka, inda darektori ke iya ɗaukar sunan wata darektori, ita ma ta ɗauki wata, har abin ya yi rassa. Ken Thompson da Dennis Ritchie suka ɗauki dabarar suka sauƙaƙa ta a Unix, wanda suka fara a 1969. A Turanci, kalmar tana nufin littafin jerin sunaye, irin wanda ake duba lambar tarho a ciki. Haka kuwa abin yake. A Unix na dā darektori ba komai ba ce sai jeri: kowane layi yana da suna wanda bai wuce haruffa 14 ba, sai lamba a gefensa. Lambar ce ke kai ka inda aka rubuta girman fayil, mai shi, da wuraren da gutsattsarinsa suke a faifai. Fayil ɗin kansa bai san sunansa ba.

Folda ta zo daga baya, lokacin da aka so ma'aikacin ofis da bai san umarni ba ya iya aiki da na'ura. Kamfanin Xerox ya fito da kwamfutar Star a 1981 da hoton 'yar jakar kwali a kan allo, Macintosh ta biyo a 1984, Windows 95 ta ƙarasa watsa ta duniya. Hoto ne mai kyau, kuma ya yi aikinsa. Sai dai yana sa mutum ya ɗauka takardunsa suna cikin jakar, kamar goro a huhu. Alhali ba abin da ke ciki sai sunaye.

Kowa ya taɓa ganin shaidar wannan, ko da bai lura ba. Ka ɗauki fim mai nauyi ka mayar da shi daga wannan folda zuwa waccan a kwamfuta guda, nan take ya koma. Ka ce za ka mayar da shi cikin filashi, sai ka zauna kana kallon koren layi yana rarrafe. A karon farko ba a ɗaga komai ba. An goge suna daga wannan jeri an rubuta a wancan. Shi ya sa umarnin da mai rubutu ke kira don yin haka sunansa rename, wato sake suna, ko da kuwa ƙaura ake nufi. A karo na biyu kuwa faifan daban ne, lambobin can ba su san na nan ba, dole a kwafe abin kaf sannan a share na asali. A Python, shutil.move yana gwada hanyar farko, in ta ƙi ya koma ta biyu, ba tare da ya gaya maka ba.

Mutumin Yauri ya ga ƙaura iri biyun nan da idonsa. Garin Yelwa bai motsa ko taku ɗaya ba, amma an sha sauya jerin da sunansa ke ciki. Turawa sun sa Yauri a Lardin Kontagora, daga baya suka mayar da ita Lardin Sakkwato. A 1967 ta shiga Jihar Arewa maso Yamma, a 1976 Jihar Sakkwato, a 1991 Jihar Kebbi. Kasuwa tana nan, fada tana nan, adireshi ne kawai ke sauyawa, kuma duk wanda ya riƙe tsohon adireshi sai ya yi ta neman Yauri inda ba ta. Wannan ita ce ƙaurar suna. Ɗayar kuwa ita ce ta madatsar ruwan Kainji, wadda aka kammala a 1968. Mutane sama da 40,000 aka tasa daga tsibirai da bakin kogi, aka gina musu gidajen siminti a sababbin wurare, aka gina Sabuwar Busa, sannan ruwa ya rufe tsohuwar. An kwafe, an share. Kuma kamar yadda masu Python da kansu suke gargaɗi a bayanin shutil, kwafi ba ya ɗauke komai. Yana iya barin bayanin mai fayil da wasu haƙƙoƙinsa a baya. Ba zan matsa wa wannan misali ba, don rashin gonar albasa ta bakin ruwa da kaburburan kakanni ya fi ƙarfin a kwatanta shi da takardar kwamfuta. Na kawo shi ne don kowa a ƙasar nan ya san bambancin a sauya maka jiha da a tashe ka daga gida.

Saboda haka idan ana koya wa yaro rubuta umarni, ni rajista zan kira darektori. Rajistar aji ba ta ɗauke da ɗalibai. Sunayensu ne a ciki, su kuwa suna zaune a kan benci. Ana iya cire sunan yaro daga rajistar aji uku a sa a ta aji huɗu tun bai tashi daga barci ba. Babban fayil ba ƙarya ba ne gaba ɗaya, don a Unix darektori ita ma fayil ce, sai dai yawanci ta fi abin da take lissafawa ƙanƙanta nesa ba kusa ba, to ina girman? Kundin adireshi ya fi kusa da gaskiya, amma ya yi tsawo a baki, kuma ina da wani aikin da nake so in ba kundi. Folda kuwa a bar wa allo ita, can ne gidanta.

Da zarar ka karɓi rajista, wasu sunaye masu ban ɗaure kai sai su warware. Umarnin share fayil a Unix sunansa unlink, wato kwance ɗauri. Bai ce ƙona ba, bai ce goge ba. Abin da yake yi shi ne cire suna daga jeri. Fayil guda yana iya samun sunaye biyu ko uku a rajista daban-daban, duk suna nuna lamba ɗaya, ba wanda ya fi wani zama na gaskiya. Kogin da taswira ta kira Neja, mu Kwara muka tashi muna ji, ruwan dai ɗaya ne. Na'ura tana ƙirga sunayen da fayil ke da su, sai na ƙarshe ya fita sannan ta ɗauki wurinsa a matsayin fili da za a iya rubuta wani abu a kai. Ko a lokacin, rubutun yakan ɗan jima a kwance, shi ya sa masu gyaran waya wani lokaci suke iya dawo da hotunan da aka share, wani lokaci kuma su ce maka an makara. Abin da sabon mai koyo ke mantawa shi ne kwandon shara na allo ne. Umarni bai san shi ba. Wanda ya kira shutil.rmtree a kan rajistar da ba ita yake nufi ba, zai share ta da duk rassanta ba tare da an tambaye shi ko ya tabbata ba. Ƙanensa os.rmdir ya fi shi kunya: in akwai ko suna ɗaya a cikin jerin, sai ya ƙi.

Akwai kuma sunan da ba lamba yake nunawa ba, wani sunan yake nunawa, kamar takardar da mai shago ke liƙawa a ƙofa cewa ya koma layin baya. In ya sake tashi daga layin bayan bai gyara takardar ba, sai ta ci gaba da aika mutane inda babu kowa. Sunan Gungawa yakan tuna mini da wannan. Hausawa ne suka laƙaba musu shi daga gungu, wato tsibiri, su kuwa Reshe suke kiran kansu. Da yawa daga tsibiran sun nutse, mutanen suna tudu, sunan yana nan yana nuna ruwa.

Inda Hausa ta fi ba ni sha'awa shi ne wajen abin da ake kira hanyar fayil. In kana Bin Yauri ka ce za ka Yelwa, ba mai tambayarka wace. In kana tashar mota a Jos ka faɗi haka, ana iya ɗora ka a motar Yelwan Shendam, ko a ɗauka unguwar Yelwa ta Bauchi kake nufi. Dole ka ce Yelwan Yauri. Masu rubuta umarni suna da waɗannan hanyoyi biyu daidai: gajeriya, wadda ma'anarta ta dogara da inda kake tsaye, da cikakkiya, wadda ke farawa tun daga tushe. Kuskuren da ya fi kama masu koyo shi ne su rubuta gajeriya, aikin ya yi kyau a kwamfutarsu, su kai shi wata na'ura ya ce bai ga komai ba. Ba fayil ne ya ɓace ba. Mai tambayar ne ya sauya wurin tsayuwa. Bambanci ɗaya shi ne Hausa tana farawa daga ƙarami ta hau, Yelwan Yauri, Sabon Garin Zariya, ita kuwa na'ura daga babba take gangarowa: Najeriya/Kebbi/Yauri/Yelwa.

Ƙwaryar tsarin kuwa mun san ta tun kafin a haifi Thompson. Na'ura ba ta tsalle ta faɗa kan fayil. Takan buɗe rajistar farko ta nemi sunan ta biyu, ta buɗe ta biyu ta nemi ta uku, kamar baƙon da ya sauka a fada aka tura shi wurin hakimi, hakimi ya haɗa shi da dagaci, dagaci ya miƙa shi ga mai unguwa. A kowace ƙofa sai an yi masa iso; in rajista ɗaya a tsakiya ta hana shi wucewa, tafiya ta ƙare ko da fayil ɗin a buɗe yake ga kowa. Don haka na fi son hanya a kan adireshi, domin da gaske bi ake yi. Ita ma karkatacciyar sandar da ke raba sunayen ba sabuwa ba ce ga wanda ya taɓa bincike a Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, inda fayilolin Lardin Sakkwato ke ƙarƙashin SOKPROF, na sakatariyar Arewa kuma ƙarƙashin SNP, lamba na bin lamba. Masu rubuta tarihin ƙasar nan, irin su marigayi Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski, wanda ya yi nazarin Yauri ta ƙarni na 19, da irin waɗannan alamomi suke nuna inda suka samo magana. Windows kam tata sandar baya take karkata, gado daga DOS na 1983, inda aka riga aka ba ɗaya sandar wani aiki. Shi ya sa mai hankali ba ya rubuta sandar da hannunsa. Yakan bar wa pathlib, wanda ya shigo Python a 2014, ya sa wadda ta dace da na'urar da ake kai.

Rajistar da ke sama da wata, Turawa suna kiranta mahaifi ko mahaifiya ba tare da bambancewa ba. Mu ba mu da wannan matsala: uwa ce, kamar uwar kuɗi da uwar garke. Ta can ƙoli kuwa, wadda ba ta da uwa, suna kiranta da sunan saiwar bishiya. Na ga masu fassara sun bi su sun ce saiwa ko jijiya, amma saiwa yawa gare ta, kowace ta nufi gabanta a ƙarƙashin ƙasa. Abin da ake nufi shi ne wuri guda da duk rassa suka fito, wannan kuwa tushe ne.

Saura laburare. Ɗan ƙanwata bai rubuta yadda ake buɗe rajista ko kwafe fayil da kansa ba. Layinsa na farko import shutil ne, wato ya ɗauko aikin da wasu suka riga suka rubuta suka gwada. Wannan tarin shi suke kira laburare, kuma duk wanda ya fassara shi da ɗakin karatu ya ɓatar da yaro, don ba ɗaki, ba karatu. Sunan yana da dalili a tarihi. A Jami'ar Kambirij ta Ingila, masu aiki da kwamfutar EDSAC, wadda ta fara aiki a 1949, sukan ajiye ƙananan umarnin da ake yawan bukata a kan zirin takarda mai huji-huji a cikin kabad, mai bukata ya ɗauko ya kwafa cikin nasa. Uku daga cikinsu, Wilkes da Wheeler da Gill, sun bayyana tsarin a littafinsu na 1951. Kabad ɗin ya tafi, sunan ya zauna. Na yi tunanin zabira, jakar wanzami mai aljihu-aljihu, kowane ƙarfe da wurinsa. Ta yi kusa, sai dai abin da ke cikin zabira ƙarfe ne, wannan kuwa rubutu ne. Kundi ya fi dacewa, a ma'anarsa ta zaure, ba ta kundin tsarin mulki ko kundin digiri ba: tarin laƙani da malami ya gada daga malaminsa, kowanne da sunansa, da abin da ake haɗawa, da bukatar da yake biya. Mai kundi ba ya ƙirƙiro laƙani duk lokacin da aka zo masa. Buɗewa yake ya ɗauko. Kuma kamar kundin zaure, wanda ya yi aiki da shi bai karanta sharaɗin da ke gefen shafi ba, shi ya sani.

Sharaɗin da ya fi shafarmu shi ne na haruffa. Ƙ da ɗ da ɓ ba sa cikin haruffan da aka gina na'urorin farko a kai. Tsarin UTF-8, wanda Thompson ɗin nan da Rob Pike suka tsara a 1992, ya ba su wuri, amma tsohon tsarin haruffan Windows na Yammacin Turai bai san su ba, kuma shirin da bai faɗi tsarin da yake so ba yana iya tsayawa cak a kan sunan Ɗanladi, ko ya mayar da shi wasu alamomi marasa kan gado. Alamar da muke sawa a 'ya'ya da ma'aji kuwa, a wurin na'ura alamar buɗe zance ce, tana iya raba suna biyu in an miƙa shi ga layin umarni ba a kula ba. Linux yana ɗaukar Yauri da yauri sunaye biyu ne, Windows ta ce ɗaya ne. Mu kanmu ba mu gama shawara ba. Richard Lander da ƙanensa John, da suka zo nan a 1830 suna cigiyar takardun Mungo Park, Yaoorie suka rubuta. Wasu malamai Yawuri suke rubutawa. Allon hanya ya ce Yauri. Mutum yana gani ya san gari ɗaya ne. Rajista ba ta sani ba, harafi take bi.

Abin da ya faru ke nan a shagon ranar. Da muka duba abin da shirin ya ƙirƙira, sai ga Wara ga Warrah, hedikwatar Ngaski ta rabu gida biyu, wasu mambobi nan wasu can, saboda kowa ya rubuta yadda ya saba. Ga kuma Yelwa ga Yalwa. Yaron ya ƙara ɗan jeri a saman shirinsa, kowane rubutu da wanda za a mayar da shi, ya juyo ya ce, "Kawu, wanne za a bari, mai h ko marar h?" Na ce ya bugo wa sakataren ƙungiyar waya, tunda shi mutumin can ne.